Ranar da Zumar Gottlob Ta Tashi

Shekara goma sha ɗaya Wendelin ya yi a bakin taga ɗaya, a masana'antar madubin hangen nesa ta garin Jena a ƙasar Jamus. Shi ne mai aikin ƙarshe a kan kowane madubi. In masu goge gilashi sun gama, an dasa wasu 'yan gilasai masu kusurwa uku cikin bututu biyu, sai a miƙo masa. Ya kara a ido, ya yi ta murza ƙananan kusoshi har abin da idon dama ke gani ya hau daidai kan na hagu.

Da wani gida can kan tudu yake gwaji. Bai san mai gidan ba, amma ya san amyoyinsa shida da wandonsa mai faci a igiyar shanya.

Wata Talata da hantsi, cikin Mayun 1907, sai ya ga ƙudan zuma sun tashi baƙi ƙirin daga amya ɗaya, sun dunƙule a reshen tuffa bayan shinge, inda ba a hangowa daga gidan. Wendelin tashin ƙauye ne, ya san in suka kai la'asar sun tafi ke nan.

"Maigida, a ba ni awa ɗaya," ya ce wa Hedrich, shugaban sashensu.

"Wa ya mutu?"

Ya miƙa masa madubin. Hedrich ya daɗe yana kallo.

"Wannan dai ya daidaitu. To tsayuwar me kake yi? Ruga!"

Ya isa yana haki, ya tarar da wani tsoho yana feraye dankali. Gottlob sunansa.

"Baba, zumarka ta tashi!"

"Kai wa ya gaya maka?"

Wendelin ya nuna masana'antar can ƙasa. Tsohon ya ƙanƙance ido.

"Au, leƙena kuke yi? Shekara nawa?"

"Goma sha ɗaya."

"Kuma sai yau ka ga damar gaishe ni? Ɗauko kwandon can, marar kunya."

Gottlob ya girgiza reshen, Wendelin ya tara kwando, dunƙulen ya faɗa ciki tim. Guda ɗaya ce kawai ta yi gardama, ta harbe shi a fatar idon hagu.

Washegari idon ya kumbura suntum. Hedrich ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Mai ido ɗaya zai daidaita mini ido biyu? Wuce wajen masu ɗaure kaya."

Kwana uku ya yi cikin matan da ke ɗaure kayan, suna tsokanarsa wai budurwa ce ta mare shi. Bai damu ba.

Daga nan kowace Lahadi sai ya hau tudun, su ci burodi da zuma, su sha kofi, tsohon na ta faɗan yadda ba a iya komai ba yanzu. Da kaka ta zo, Gottlob ya nuna sabuwar amyar da bakin lofensa.

"Waccan taka ce. Ka sha harbinta, sai ka ci gaba."