Ganyen Wendell a Gidan Maƙwabciya

Wendell Prouty ya tsaya a ƙofar gida da kofin kofi a hannu, ya kasa kurɓa. Bishiyoyin mapul bakwai, masu ganyen da kan rikiɗe ja da kaka, da ya dasa da hannunsa shekara goma sha ɗaya da suka wuce sun tsaya tsirara. Jiya jajur suke kamar garwashi, har masu wucewa a hanyar Montpelier na tsayar da mota su ɗauki hoto. Iskar asuba ta kakkaɓe su tas.

Yau kuma da ƙarfe biyu ake ɗaurin auren 'yarsa Odette a ƙarƙashinsu. Saboda jan ganyen nan ta zaɓi kaka, ta gayyato mutum tamanin.

"Baba, ina ganyen?" in ji Odette daga taga.

Ya nuna da haɓa. Can hayin shinge, farfajiyar maƙwabciyarsa Bernadette Gauvin ta rufe ruf da ja, ko ciyawa ɗaya ba a gani. Shekara shida ke nan ba ya ga maciji da tsohuwar, kuma a kan ganyen nan ne: kowace kaka sai ya cika mata gida, ita kuma ta tara a buhu ta juye masa a ƙofa.

Ya ajiye kofin, ya cire hula, ya zagaya. Ya tarar da ita da manjagara, har ta fara tarawa.

"Bernadette, don Allah dakata."

"A'a! Yau bebe ya yi magana? Ka zo kwashe shararka?"

"Na zo roƙo ne. Ki ara mana farfajiyarki, na yini ɗaya."

Ta jingina da manjagarar, ta ƙare masa kallo sama da ƙasa.

"Wato sharar ce ta zama ado?"

"Ta zama," ya ce, kansa a ƙasa.

"Ƙara faɗa, kunnen nan ya tsufa."

Ya ƙara faɗa. Ta yi dariya har da tari, sannan ta baje ɗan tarin da ta yi da ƙafa.

Kafin azahar an tsallako da kujeru ta kan shinge. Odette ta tako cikin farar riga, ganye na ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalminta, Wendell na riƙe da hannunta yana ta ƙifta ido. Bernadette na sahun gaba da hula mai fure, ta fi uwar amarya kuka.

Da ake yanka kek Bernadette ta jawo hannun rigar Wendell.

"In hunturu ya wuce ƙanƙara ta narke, ka dasa mini mapul guda biyu."

"Ke da kanki?"

"Ni da kaina. Can ƙarshe, jikin shingen Norbert, maƙwabcina na ɗaya gefen. Shekara shida yana mini dariya ina sharar ganyenka, shi ma ya ɗanɗana."