Ran da Littafi Ya Bar Signe da Rai

Tun da idon Borghild ya mutu, karatu ya koma kan Oddny. Kullum bayan sun sha kofin la'asar sai ta jawo kujera bakin taga, ta ɗora tabarau, ta yi ta karantawa har muryarta ta dushe. Ita ma fa ba yarinya ba ce, ta ba saba'in baya, ga kafaɗa mai ciwo. To amma wa za ta bar wa? Shekara arba'in da ɗoriya suna gida ɗaya, gado ɗaya, har mutanen garin sun gaji da ce musu ƙawaye.

Borghild kuwa littafi iri ɗaya take so: labarin zamanin da, na 'yan mata biyu da suka taso suka faɗa son juna. Oddny ta san irin waɗannan littattafai kamar yunwar cikinta, kuma sun ishe ta. Marubutansu ba su da tausayi ko kaɗan. In tarin fuka bai ɗauke ɗaya ba, teku za ta ci ta, ko a kai ta asibitin mahaukata. Shi ya sa ta daɗe tana wata dabara. Da an zo babin ƙarshe sai ta kafa wa shafin ido, ta shirya nata ƙarshen da ka, ta sa 'yan matan a jirgin ruwa su tsere. Borghild ta yi murmushi, a wuce wurin.

Littafin wannan makon na Signe ne da Alvhild, masu feɗe kifi suna zuba masa gishiri a bakin tashar jiragen ruwa bayan yaƙi. Da aka zo babin ƙarshe Oddny ta tanadi ƙaryarta, tana karantawa tana jiran inda za ta karkata. Shiru, ba wadda ta mutu. 'Yan matan suka kama ɗaki a saman gidan burodi a birnin Bergen, suka sayi tukunya, suka yi faɗa a kan wadda za ta wanke ta. Shi ke nan. Oddny ta juya shafi tana neman gawa, ba ta samu ba. Daɗi ya kama ta har idonta ya kawo ruwa.

"Kin gaji, tsohuwa," in ji Borghild. "A da kin fi haka iya ƙarya. Yau ina jirgin?"

Oddny ta sauke tabarau. "Au, dama kin sani?"

"Ido na rasa, ba hankali ba. Na karanta irinsu tun kafin ki san ni. Ba mai barin mu da rai."

"Na rantse miki, wannan karon haka aka rubuta."

"Tukunya! Wane marubuci ne zai rufe littafi da tukunya? Kicin ɗinmu kika kwaso kika zuba a ciki." Borghild ta laluba ta kamo hannunta. "Don Allah yau ban da lallashi. Na gaji da a riƙa yi min kamar yarinya. Sau ɗaya dai ki karanta min na gaskiya. Wacce ce ta mutu?"

Oddny ta dubi shafin. Ga rubutu nan ɓaro-ɓaro, amma ko ta ɗora yatsan Borghild a kai, takarda kawai za ta ji. Tana so ta yi gardama, ƙarfin ne babu.

"Signe ce," ta ce.

"Ruwa?"

"Ruwa."

Borghild ta sauke ajiyar zuciya, ta jingina da kujera, ba ta saki hannun ba.

"Allah sarki, Signe," ta ce. "Na gode. Kin ga ai gaskiyar ba ta kashe ni ba."