Jharna Ta Auna Hanyar Haikali da Jikinta

Wata uku da rasuwar Haradhan, matarsa Jharna ta sauka daga jirgin ƙasa a Tarakeswar, ta ce ta zo cika bakance. Ɗanta Prabir na biye da ita riƙe da laima, fuskar nan kamar an kawo masa sammaci.

Tun mijin na kwance ta yi bakancen: idan Shiba, abin bautar haikalin Tarakeswar, wanda duk garin ke kira Baba, ya tashi kafaɗunsa, za ta auna hanya da tsawon jikinta daga tafki har ƙofar haikali. Haradhan bai tashi ba. Duk mai hankali ya san magana ta ƙare a nan, sai dai Jharna ba ta saba neman shawarar masu hankali ba.

"Ma, bai ba ki abin da kika roƙa ba," in ji Prabir. "To me za ki cika? Gwiwoyin nan naki da kyar suka hau jirgi."

"Riƙe min takalmi, ka rufe min baki."

Ta yi nitso a tafki, ta fito farin zanenta na zubar da ruwa. Ta kwanta rub da ciki, ta miƙa hannu iya ƙarfinta, ta ja layi a ƙasa da tsinke. Ta tashi, ta tsaya a kan layin, ta sake kwanciya. Haka ake yi, ba a tsallake ko taki ɗaya. Damina ce, hanya duk taɓo da ruɓaɓɓun furanni, ga masu ziyara ɗauke da tulunan ruwan kogin Ganga sai turereniya suke.

Ta wuce rabi ke nan wani mai tulu ya bi ta kan layinta kafin ta miƙe. Ta duba, babu ko alamarsa.

Prabir ya nuna can gaba da bakin laima. "Nan ne, Ma. Na gani."

Ya ƙara mata kamu biyu, kuma ta sani. Tausayi ne ya sa shi, tausayin kuwa shi ya fi ba ta haushi.

"Ubanka bai iya ƙarya ba, kai kuma ka fi shi rashin iyawa."

"Ma, wa zai sani?"

"Shi na cikin haikalin. Ba zan ba shi abin faɗa ba."

Ta juya ta koma tafki, ta sake nitso, ta fara daga farko. A wannan karon gwiwar hannunta ta sale. Prabir ya gaji da magana, ya naɗe laimar, ya shiga gabanta yana kare mutane daga layin. Ruwan sama ya jiƙa shi sharkaf.

Sai da rana ta karkata ta isa ƙofa, taɓo har a gashin ido. Malamin haikali ya miƙo mata ganye da fure yana murmushi.

"Iya, Baba ya biya buƙata ke nan. Lafiya kika roƙa, ko jika?"

"Miji na roƙa. Mun ƙone gawarsa wata uku da suka wuce."

Murmushin ya ɗauke. "To me ya kawo ki da wannan wahala?"

Jharna ta dafa ƙofa ta miƙe tsaye sosai. Ba ta karɓi furen ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba.

"Na ce zan zo, ga ni na zo. Matsa gefe ya kalle ni."