Faifan da Ya Fi Mai Shi Gudu

Ni nake buga wa Alcide Prejean ganga tun muna samari, don haka in na ce muku mutumin nan ya gaji, ku yarda kawai. Shekara hamsin da shida ina zaune a bayansa, ina kallon ƙeyarsa tana yin furfura, shi kuma yana dukan piyano kamar ya kama shi da sata. Ya yi faifai talatin da wani abu, wasunsu ma wallahi sun fi wanda aka sani daɗi. Amma tsayar da kowa a titin New Orleans ka ambaci sunansa, waƙa ɗaya zai rera maka, "Taho Ozella". Mun ɗauke ta wata Talata da rana a 1957, a situdiyon Mista Hebert da ke bayan shagon sayar da firji, lokacin Alcide yana da shekara ashirin da biyu.

Waƙar nan ita ta ciyar da mu, ita ce kuma ta hana shi sakat. A cikin faifan, hannunsa na dama wani irin gudu yake da ba a taɓa jin irinsa ba, kuma duk inda muka je haka mutane suke son a buga musu ita. Bai taɓa kamo gudun nan ba, ko sau ɗaya. Jama'a na ihu suna tsalle, shi kuwa da mun sauko sai ya goge wuya da tawul ya ce, "Roscoe, yau ma ɗan banzan nan na cikin faifai ya tsere min."

"Kai ne fa a cikin faifan, tsoho."

"Ni ne ranar Talatar nan. Tun daga Laraba nake lalacewa."

Da farko dariya nake yi. Daga baya na daina, don na ga da gaske yake. Ya kan kunna faifan a falo ya zauna yana bin sa, tun yatsunsa suna miƙe har suka fara kumbura suna lanƙwashewa. Ni ma ban tsira ba, kafaɗata ta dama har yau ba ta ɗaguwa sosai.

Bana sai masu shirya babban bikin kaɗe-kaɗe na bazara suka ce za su karrama shi, ya hau babban dandali da ƙarfe uku na rana. Mu duka mun san wannan ne hawansa na ƙarshe. Alcide ya ce ba za shi ba. Ba zai hau dandali ya ƙi buga "Taho Ozella" ba, kuma ba zai buga ta da waɗannan yatsun a yi masa dariya ba. Na yi lallashi, na yi zagi, na ce masa taurin kansa ya fi na alfadari. Ko a jikinsa.

Ranar Litinin, saura kwana goma sha biyu a yi bikin, ina gidansa muna cin jan wake da shinkafa, sai ga Delphine. Ma'aikaciya ce a ɗakin adana tsofaffin faya-fayai, ta shekara biyu tana bin gidaje tana tattara duk abin da Alcide ya taɓa ɗauka, don a sake fitar da su gaba ɗaya. Ta shigo da wani kwali a hammata, ko zama ba ta yi ba.

"Mista Alcide, ƴar marigayi Mista Hebert ce ta kira ni. Tana kwashe kayan garejin ubanta, ta ci karo da wannan. Ainihin tef ɗin Ozella ne, wanda kuka ɗauka ranar."

"To sai me, ƴata? Na ji waƙar nan sau dubu. Zauna ki ci wake."

"Wannan ba ka taɓa ji ba."

Ta riga ta kwafe shi a kwamfutarta. Ta ajiye a kan tebur tsakanin kwanonin, ta danna.

Na ji muryata ina ƙirga ɗaya, biyu, uku. Sai piyano ya shigo. Waƙar ce dai, ba abin da ya canza, amma tafiya take a natse, hannun hagu yana mirginawa kamar mutum ya ƙoshi yana komawa gida. Muryar Alcide kuma ta namiji ce sosai, ba siririyar nan ta faifai ba.

"Injinki ba shi da lafiya," in ji Alcide.

"Lafiyarsa ƙalau." Ta juya kwalin ta nuna mana rubutun fensir a bayansa, hannun Mista Hebert ne, na gane shi. Ya rubuta a ƙara gudu kafin a buga faifai. "Haka suke yi a lokacin," ta ce. "In an ƙara wa tef gudu, mawaƙi sai ya yi kamar ɗan shekara sha bakwai, ƴan makaranta su fi saye. Ba kai kaɗai aka yi wa ba."

Ni na fara fashewa. Na zagi Hebert, na zagi firjinsa, na zagi sigarin da yake taunawa, mutumin da ya shekara talatin a kabari. Ashe shi ya sa! Da faifan ya fito mun lura sautinsa ya ɗara na piyanon gida tsayi, muka tambaye shi, ya ce ai wayoyin nasa piyanon ne aka ɗaure da ƙarfi. Muka yarda, don mu yara ne kuma an sa mu a rediyo. Alcide ya zauna ya sake koyon waƙarsa daga faifai, a kan maɓallan piyanon da suka fi wa yatsu wuya.

Alcide bai zagi kowa ba. Ya ture kwanonsa gefe, ya ɗora hannuwansa a kan tebur yana kallonsu.

"Wato ban taɓa buga ta haka ba."

"Ba wanda ya taɓa, Mista Alcide. Ba ɗan Adam ɗin da ya buga ta haka."

"Shekara hamsin da shida," ya ce. Ni na ɗauka murna zai yi. Ban ga murna ba, gajiya na gani, irin wadda ban taɓa gani a fuskarsa ba, har tausayinsa ya hana ni ƙarasa abincina.

Sai da Delphine ta tafi sannan Alcide ya tashi da ƙyar ya buɗe piyano. Ya lalubo inda ya fara buga ta tun asali, ya shiga a hankali. Yatsun nan da suka lanƙwashe suka kai ko'ina ba tare da sun yi tuntuɓe ba. Na ɗauki cokula biyu ina bi masa a gefen tebur. Da muka kai ƙarshe ya ce, "Kira mutanen bikin nan. Ka ce ina zuwa."

Na ce to, amma da sharaɗi. Kafin ya fara, ya ɗauki makirufo ya gaya wa jama'a abin da Hebert ya yi, don su san abin da za su ji.

"In tsaya gaban mutum dubu biyar in ce musu rawar da suka taka ranar aurensu ta inji ce? Haba, Roscoe."

"To ni zan faɗa."

"Ka faɗa in fasa maka gangar nan a ka. Kai dai ka riƙe min kiɗan, kada ka bari su ja ka."

Ranar bikin rana ta buɗe sosai, filin cike da mutane da lema da warin soyayyen kifi. Muka yi waƙoƙi shida, aka yi tafi. Sannan Alcide ya waiwayo ya ɗaga min gira, na ƙirga.

Suna jin farkon waƙar suka ɗauki ihu, suka fara tafi da gudun da suka sani. Nan da nan suka wuce mu. Na dage, na ƙi bin su, gumi yana shiga min ido. Tafin ya rikice, ya yi ƙasa, ya mutu. Masu rawa a gaba suka tsaya suna kallon juna. Alcide kuwa ko ɗaga kai bai yi ba. Wallahi tun da nake bayansa ban taɓa jin ya buga wani abu da kyau haka ba, kowane sauti ya zauna a mazauninsa.

Da ya gama suka miƙe tsaye gaba ɗaya, suka daɗe suna tafi. Amma na san tafi, na shekara hamsin da shida ina cin abinci da shi. Wannan irin wanda ake yi wa mara lafiya ne in ya taka daga gado zuwa ƙofa. Na hango wani mutum yana girgiza kai, matarsa tana share ido.

A bayan dandali wata dattijuwa mai faffaɗar hula ta kutso ta kama hannuwansa biyu.

"Allah sarki, Mista Alcide! Kada ka damu ko kaɗan. Mun san yadda kake buga ta a da, muna da faifan a gida."

Na buɗe baki zan gaya mata gaskiya, Alcide ya take min ƙafa. Ya ce mata ya gode, Allah ya yi albarka, ta gai da gida. Ta tafi tana jin ta yi abin kirki.

Ya zauna a kan akwatin gangata, yana numfashi sama-sama.

"Roscoe, ka ji ta?"

"Na ji."

"Akwai kuskure?"

"Ko ɗaya."

Ya gyaɗa kai.

"To, mu biyu ke nan. Je ka kawo mota, ƙafafuna sun gaji."