Shaidar Baffa Hamisu

Ranar da mutanen Gwaram suka zo Kangire binciken halin Izzuddeen, yayarsa Ummussalma ta baro gidan mijinta tun da safe ta zo gidansu don ta yi musu girki. Ta sa aka yanka zakara, ta tuƙa tuwon shinkafa. Shekarar ƙanin nata talatin da ɗaya, kuma wannan ne karon farko da maganar aurensa ta kai nan.

Ita ta san abin da ya sha. Tun yana ɗan shekara biyar ba ya iya zama wuri ɗaya. A aike shi sayen gishiri, sai a tsince shi bakin rafi yana kallon masunta. A makarantar allon baffansu, Malam Hamisu, ba ya kai aya biyu sai ya miƙe. Aka ce iskoki ne, aka ce taurin kai, aka yi ta jibga. Ya girma ba aboki, ga saurin fushi, ga kuka a ɓoye, ya bar wurin koyon sana'a har huɗu. Sai shekara uku da suka wuce wani likita a Birnin Kudu ya ce lalura ce ta kasa tattara hankali, tun yarinta take farawa, ba iskanci ba ne. Ya ɗora shi kan magani, ya koya masa tsara aikinsa ɗaya bayan ɗaya. Yanzu duk injin ban-ruwan da ya lalace a fadama, wurinsa ake kaiwa. Har wata yarinya 'yar Gwaram, Nasiha, ta gan shi ta ce tana so.

Ummussalma ta tura kwanuka bakin zaure, ta laɓe bayan asabari.

Alhaji Sada, kawun Nasiha, ya dubi Baffa Hamisu da ke zaune tare da su ya ce, "Malam, an ce a hannunka ya tashi. Yaya halinsa?"

Baffa Hamisu ya kwashe da dariya, baki cike da nama. "Wa? Tsuntsu? Ai haka muke kiransa. Alhaji, ka ga turken can? Nan nake ɗaure masa ƙafa da igiyar akuya tun safe har azahar, ko zai zauna. Wata rana har fitsari ya saki a wando, yara suna ta tafi!"

Ƙyama ta kama Ummussalma. Ita ce ta wanke wandon nan, ita ta shafa man kaɗanya a sawun igiyar. Dattijo da furfurarsa, yana lasar yatsa, yana ba da labarin muguntarsa kamar abin alfahari. Tir!

"To, yanzu fa?" in ji Alhaji Sada.

"Yanzu da sauƙi, tunda yana shan ƙwayar nan ta masu taɓin hankali. Amma ni ban ce komai ba fa."

Alhaji Sada ya wanke hannu, ya ce hanya da nisa. Baffa kuwa ya jawo kwanon baƙon gabansa, wai kada nama ya yi asara.

Da la'asar Izzuddeen ya dawo daga fadama, hannu duk baƙin mai, fuska a sake.

"Yaya, sun zo? Sun ga Baffa?"

"Wai wa ya haɗa su da shi? Ba wurin liman da maƙwabta za su je ba?"

"Ni ne mana. Da suka tambaye ni wa ya fi sanina, na ce Baffa. Ai duk duniya ba wanda ya sha wahala a kaina kamarsa." Ya yi murmushi. "Me ya ce musu?"

Ummussalma ta sunkuyar da kai. Idonta ya sauka kan ƙafarsa, inda tabon igiyar yake har yau.