Dokin Ƙofar Motar Gawa

"Riƙe tocilan ɗin nan da kyau, Kasmuri. Ƙarƙashin mota na ce ka haska, ba duban wata na aike ka ba."

Na durƙusa na haska. Maƙwabcina Kang Tumiran, wato Yaya Tumiran, yana kwance a kan buhu a gefen motar gawa ta masallacinmu. Ya ɗauki sukudireba ya soki dogon ƙarfen nan mai rami a ciki, wanda yake ƙarƙashin ƙofofi daga tayar gaba zuwa ta baya. Shi dokin ƙofa yake ce masa. A ido fentinsa fari tas, amma sukudireban ya shige har mariƙi kamar an soki dafaffen rogo. Da ya zare, ruwa ya biyo baya, ja, mai wari, ya gangaro masa har gwiwar hannu.

Ya ɗanɗana da ɗan yatsa ya tofar. "Gishiri."

Jumali direban motar ya dafe kai. Shi Mbah yake ce wa Kang Tumiran, wato kaka. "Mbah, ka huda mini mota! Na kawo ta ka duba ƙofa ba ta rufuwa, ka kama yi mata kaciya."

"Ina ƙananan hujojin da ke ƙasan nan?"

"Ni na toshe su da fila, ƙullun nan na masu fentin mota, tun shekarar da ruwa ya fara hawa titi. Don kada teku ta shiga."

"Ai kuwa ta shiga ta sama, ta rasa ta inda za ta fita. Ka ba ta ɗaki ka kulle ta ciki, kai kuma ka ɗauke ta kana yawo da ita." Ya yi tari mai tsawo, ya dubi ruwan da ke ɗiga. "Babu gawar da aka ɗauka a garin nan da wannan ruwan bai raka ta ba."

Jumali ya yi dariya, amma ya ja ƙafarsa daga inda ruwan yake malala.

Motar nan ita kaɗai ce hanyarmu zuwa tudu. Tun da teku ta cinye gonakin shinkafa ta cinye tafkunan kifi, tsohuwar maƙabartarmu ta koma cikin ruwa. Sabuwar tana can kan tudu, sai an bi doguwar hanyar da ruwa yake shafewa kullum da yamma. Masu mota na birni ba sa yarda su shigo mana. In tamu ta lalace, sai a sa mamaci a kwalekwale a kai shi tsohuwar, a jira ruwa ya janye a tona cikin laka. A can Yu Painah take, wato Yaya Painah, marigayiya matar Kang Tumiran.

Ya fara da gefen dama. Aikin da ya yi a wani gareji a birnin Semarang tun yana saurayi ke nan, shi ya ci masa ido ya bar masa tari. Ni gidana yana jikin nasa, ba ni da wani aiki sai ɗinkin koma, don haka na zama mai miƙa kaya. Ya yanke ruɓaɓɓen ƙarfen, ya ci gaba da yanka har sai da ya tarar da inda yake ƙyalli. Ya lanƙwasa sabon falen ƙarfe a kan gungume da guduma, ya yi walda, ya shafa jan fenti ciki da waje. Sannan ya huda ƙananan hujoji a ƙasa, ya ɗura baƙin mai a cikin ramin har ya ɗigo ta kowacce. Aikin da a da zai gama shi cikin yini biyu ya ɗauke shi har wata ya kusa mutuwa, domin in ya buga guduma kaɗan sai ya zauna ya nemi numfashi.

'Yarsa Wartini takan kawo mana kofi da soyayyen tempe, wato dunƙulen waken soya, ta tsaya a kansa. Pak take ce masa, wato baba, ni kuma Lik, wato baffa.

"Pak, likita ya ce ka kwanta."

"Ga ni a kwance. Bai ce a kan gado ba."

"Lik Kasmuri, kai ma ka zuba masa ido? Ka yi masa magana mana."

Na ce to. Ban yi ba.

Ranar da ya juya ga gefen hagu Jumali ya zo da roƙo.

"Mbah, wannan ka lafta masa fila kawai mu rabu lafiya. In wani ya mutu gobe fa? In goya shi a babur?"

"Duk wanda ya matsu ya jira ni."

"Wa ke jiran ka? Mbah Sarni tun bara take cewa ta shirya."

"Sarni sai ta binne mu duka." Ya buga ƙarfen da guduma, ɓawon tsatsa ya zubo kamar ƙanzo. "Ka ji? In na rufe wannan, wata rana kuna tsakiyar hanya ƙasan motar zai ɓalle da mutum a kai. Sai na yanke."

Ya yanke. Tsatsar ta fi ta dama nisa, ta haura har ta ci gefen daɓen motar inda ake ajiye makara. Ya bi ta yana yanka. Da ya gama, in ka tsaya a ciki kana ganin ƙasa ta wani dogon rami da yaro zai iya zurarewa.

Da safiyar Juma'a ya ce in tuƙa shi a kwalekwale zuwa wurin Yu Painah. Ruwa ya janye, kawunan duwatsun kaburbura sun leƙo kamar mutane masu wanka. Ya ce in karanta masa sunan, don idonsa ba ya gani. Ni ban san baƙi ba sai da na yi furfura, don haka a hankali nake haɗawa. Rabin sunan ƙananan katantanwa sun lulluɓe shi. Na kankare da farce na karanta masa. Ya watsa furanni, ruwa ya kwashe su ya yi gabas da su.

Muna dawowa ya ce, "Tana zuwa mini a mafarki."

Na ci gaba da tuƙi.

"Kullum tana tsaye a bakin ƙofar kicin tana matse zaninta. Ta matse, ta matse, ba ya bushewa. Ba ta cewa komai." Ya kunna tabarsa mai kanumfari, tari ya hana shi zuƙa. "Kasmuri, kada ku kawo ni nan."

"Ba ka son kusa da ita, Kang?"

"Shekaranjiya ta yi magana. Na ce mata na kusa zuwa. Ta ce kada in zo, akwai sanyi."



Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, ina ɗinki a tsakar gidana ina jin gudumarsa ta bayan katanga. Buga, buga, hutu. Buga, buga, hutu. Sai hutun ya yi tsawo. Na gama idon komar da nake kai tukuna na tashi. Na tarar da shi zaune ya jingina da tayar motar ta baya, sabon ƙarfen gefen hagu a kan cinyarsa, ya lanƙwasa shi ya kusa gamawa. Gudumar tana hannunsa. Kaza tana tsattsagar wani abu kusa da ƙafarsa.

Aka yi masa wanka aka sa shi a likkafani, aka yi masa salla bayan azahar. Jumali ya yi ta kiran masu mota na birni, kowa ya ce ba ya sa motarsa a ruwan gishiri. Babu wani mai walda a garin. Ruwa kuwa ya riga ya fara lasar bakin titi.

Liman ya tara mu a barandar masallaci. "Motar nan ƙasanta a buɗe yake. Ku kai shi wurin matarsa da safe in ruwa ya janye. Ai ƙasar Allah ce duka."

Mutane suka gyaɗa kai. Wartini tana bakin ƙofa da mata, idonta ya kumbura. Ni ba mai magana a taro ba ne, har na ji muryata kamar ta wani.

"Ya ce kada a kai shi can."

"Yaushe ya ce?"

"A kwalekwale. Ni da shi."

Wartini ta dube ni, ta juya ga Jumali. "Kang Jumali, motar tana tashi?"

"Tashi kam tana tashi. Amma in muka shiga ruwa, ta ramin nan zai shigo kamar an buɗe masa ƙofa. Mbah zai jiƙe kafin mu kai."

"Tada ta," in ji ta.

Aka shimfiɗa katako a kan ramin, aka ɗora makara a daɓe. Mu shida muka zauna a bencinan gefe, uku nan uku can, gwiwoyinmu suna taɓa makarar. Liman da Wartini suna gaba. Jumali ya ja a hankali, babu raha a bakinsa yau.

Mun wuce gidajen ƙarshe, waɗanda aka bari babu rufi, sai titi ya ɓace. Hagu ruwa, dama ruwa, sai sandunan gora da aka kafa don a gane hanya. Na ji ruwan yana gogar cikin motar daga ƙasa. Katakon ya motsa, ya ɗaga, ruwa ya ɓullo ta gefensa mai launin shayi, ya shafe mana tafin ƙafa. Akwai sanyi.

Babu wanda ya ba da umarni. Muka sunkuya tare, muka ɗaga makarar muka ɗora a kan cinyoyinmu. Kansa yana wajena. Na sa hannu ƙarƙashin koren mayafin na tattare gefen likkafanin da ya zubo. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Ruwa ya kai idon sawu, ya kai ƙwauri, takalmin wani yana yawo a ƙarƙashin makarar. Injin ya yi tari, ya yi kamar zai mutu, Jumali yana yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jinjiri. Mutanen cikin suna la'ilaha illallah, ni na kasa, ina dai riƙe.

Sai gaban motar ya ɗaga, taya ta kama tsakuwa. Ruwan ya juya ya bi ramin ya fice, ya bar siririyar laka da wata ƙaramar ƙaguwa tana neman hanya a daɓe. Ta taga na ga bishiyoyin ayaba, da jar ƙasa busasshiya, da wata mata tana kwashe shanya.

Akwai sauran tafiya kafin maƙabartar, hanyar duk hawa ce da gargada. Daɓen motar ya tsane. Babu wanda ya sauke shi daga cinyarsa.