Inda Na Ajiye Littafin Kawu

Shekara shida ke nan ina riƙe da ɗakin karatu a Dakoro, kuma ba zan ɓoye ba, ina da ji da kai a kan aikin. Kowane littafi sai na ba shi lamba, na manna masa 'yar takarda a ƙeya, na rubuta masa kati. Kantar da na fi alfahari da ita ita ce ta 338, inda na jera littattafan karyewar arzikin duniya: na 1929 da bankunan Amurka suka durƙushe, na 2008, har da na faɗuwar darajar sefa. In baƙo ya zo, can nake fara kai shi, ina zuba shekaru kamar ni aka yi wa asarar.

Bara Kawu Arzika, wan mahaifiyata, ya zo daga Bader Goula da wani tsohon kaye, littafin rubutu irin na 'yan lekol, naɗe cikin tsumma.

"Harisu, shekarun da suka cinye mu ne na rubuta nan, tun farin tamanin da huɗu," in ji shi. "An ce kuna tara irinsu. Aje shi wajen 'yan'uwanshi."

Na karɓa da hannu biyu. Da ya tafi na buɗe, na ga ajami ne, ajamina kuwa ya daɗe da yin tsatsa. Da ƙyar na tsinci sunayen shanu da na rijiyoyi, sai na gaji. Na duba kundin lambobin da muke bi, ban ga gurbin shekarar da dabbobi suka ƙare a Bader Goula ba. Tunda dai tsoho ne ya rubuta da hannu, sai na liƙa masa 398, na tura shi kanta ta ƙasa, kusa da labaran kura da zomo.

Ranar kasuwar da ta wuce sai ga Kawu da sandarsa. Madam Ramla, malamar Faransanci ta lise, wato sakandare, tana zaune tana gyaran takardun ɗalibai.

"Ina littafina, ɗana?"

Na nuna masa. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara, ya ɗora yatsa a kan rubutun da ke bakin kantar.

"Mi aka rubuta nan?"

"Tarihi ne, Kawu," na ce.

Madam Ramla ta leƙo. Ita taimako take nufi, Allah ya sani. "A'a, Baba, wannan wajen tatsuniyoyi ne. Yara na sonshi sosai."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na fara kame-kame, wai tsari ne na duniya, wai ba ni na shata lambobin ba. Kawu bai ko dube ni ba. Ya zaro kayen, ya kaɗe masa ƙura da hannun riga, ya lashi yatsa yana juya shafuka a hankali har ya tsaya a wani wuri.

"Ka karanta nan?"

Na girgiza kai.

"Yayarka Haula ce. Ba ka santa ba, ba a haife ka ba tukuna. Bisa hanyar Maradi muka rufe ta, ni da babanka, babu ko likkafani." Ya mayar da kayen cikin tsumma. "Bari in tafi da ita gida, kada yara su buɗe suna jiran wurin dariya."